Daga Gaban Kwamfuta Zuwa Ɗakin Binciken Halitta

Cikin 'yan watannin nan wata tambaya ta yi ta dawo mana daga samarinmu da 'yan matanmu na zango waɗanda suka gama digirin farko a fannin kwamfuta, wasu a Legon, wasu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Tambayar ita ce, wai mutumin da rabonsa da ilmin halitta tun yana sakandare, wanda duk zamansa na jami'a a gaban kwamfuta ya yi shi, zai iya shiga digirin digirgir a fannin nan da ake kira ilmin tsarin halitta? In ma zai iya, ya dace ya ba da shekara huɗu ko shida na ƙuruciyarsa, alhali kuwa ga bankuna da kamfanonin tarho suna neman irinsa da albashi a hannu? Amsarmu a taƙaice ita ce zai iya, amma ba kowa ne ya kamata ya tafi ba. Sauran kuwa sai mun yi bayani dalla-dalla, domin iyaye ma su san abin da ake ciki, tun da su ne za a ce su ƙara haƙuri.

Bari mu fara da ma'anar abin. Duk wanda ya taɓa shiga Magazin ta Suame ya ga tulin kayan mota, ga fistin, ga filogi, ga lagireto, ga giya. A ce an ba mutum takarda mai ɗauke da sunan kowane ƙarfe da ke cikin babbar mota, har ƙaramin noti, wannan takarda ba za ta gaya masa dalilin da ya sa inji ke zafi a kan tudu ba. Sai ya san wane ƙarfe ke tura wane, wane ke jiran wane, kuma me ke faruwa in ɗaya ya yi nawa. To, haka lamarin jikin ɗan Adam yake. Daga 1990 zuwa 2003 masana na ƙasashe da dama suka haɗa ƙarfi suka karance rubutun gadon ɗan Adam, watau sinadarin nan da ake kira DNA, mai haruffa wajen biliyan 3. Aka kashe kusan dala biliyan 3. Da aka gama sai aka tarar ƙwayoyin gado masu ɗauke da umarnin ƙera furotin ba su wuce wajen 20,000 ba. An sami takardar sunayen ƙarafa ke nan. Yadda waɗannan dubbai suke kunna juna, suna kashe juna, suna jiran juna a cikin ɗan tantanin halitta guda, shi ne abin da ilmin tsarin halitta ya sa a gaba. Kuma tun da kan mutum ba zai iya riƙe hulɗar abu dubu ashirin a lokaci guda ba, dole aka koma ga lissafi da kwamfuta.

Ga misali guda wanda duk ɗalibin kwamfuta zai gane nan take. A 1961 wasu Faransawa biyu, François Jacob da Jacques Monod, suka bayyana yadda bakteriyar nan ta hanji mai suna E. coli take sarrafa abincinta. Ba ta wahalar da kanta wajen ƙera kayan narkar da sukarin madara sosai sai sharaɗi biyu sun cika: sukarin madaran yana nan, kuma sukarin da ta fi so ya ƙare. In ɗaya ya ɓace, ta rufe masana'anta. Wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san wannan, domin shi ne umarnin nan na "in kaza da kaza sun tabbata, yi kaza" da ake koya wa ɗan aji ɗaya. Bambancin kawai shi ne, a nan babu wanda zai miƙo maka takardar bayanin yadda aka tsara abin, sai dai ka tono shi da gwaji.

Kada kuma wani ya ɗauka shigar masu lissafi cikin wannan fanni baƙon abu ne. A 1952 Alan Turing, wanda ake ɗauka ɗaya daga cikin iyayen ilmin kwamfuta, ya rubuta takarda a kan yadda sinadarai biyu masu yaɗuwa cikin jiki za su iya haifar da zane da ɗigo-ɗigo irin na fatar dabbobi. A shekarar nan dai Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Kambirij suka fitar da lissafin yadda saƙo ke gudu a cikin jijiya, kuma Huxley da ɗan injin lissafi mai juyawa da hannu ya yi makonni yana fitar da amsar. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 1963. Hiroaki Kitano na Japan, wanda yana cikin waɗanda suka fito da sunan fannin fili, digirin digirgir ɗinsa a kwamfuta ya yi shi a Kiyoto a 1991, kuma an san shi da mutum-mutumi masu buga ƙwallo. A 2000 aka buɗe cibiyoyi biyu na wannan ilmi, ɗaya tasa a Tokiyo, ɗaya ta Leroy Hood da abokansa a Siyatil ta Amurka. Na baya-bayan nan shi ne Demis Hassabis, wanda ya karanta kwamfuta a Kambirij, sa'an nan ya yi digirin digirgir a kan ƙwaƙwalwa a Landan. Manhajar AlphaFold ta kamfaninsa, mai hasashen siffar furotin daga jerin haruffansa, ita ta sa shi da John Jumper suka raba lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker a 2024. Saboda haka ƙofa a buɗe take, kuma waɗanda suka riga ku shiga ba su ji kunya ba.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. A nan ne muke so mu daɗe, domin nan ne 'yan kwamfuta suka fi yin tuntuɓe.

Ɗan kwamfuta ya saba da duniya mai biyayya. In ya rubuta umarni daidai, na'ura za ta ba shi amsa ɗaya yau, ta ba shi ita gobe, ta ba shi ita baɗi. In amsa ta canza, ya san akwai kuskure a wani layi, kuma in ya zauna zai gano shi. Tantanin halitta bai san wannan ladabi ba. A ɗauki bakteriya biyu masu gado iri ɗaya sak, a sa su cikin kwano ɗaya da abinci ɗaya, sai ka ga ɗaya ta ƙera furotin ninki biyu na 'yar'uwarta, ba don kowa ya yi kuskure ba, sai don haka abin yake. Gwajin da aka yi ranar Litinin kan bambanta da na Alhamis saboda an canza kwalbar sinadari, ko wani ne dabam ya riƙe bututun awo, ko ɗakin ya fi zafi. Wanda bai san wannan ba sai ya zuba alƙaluma cikin manhajarsa, ta fito masa da rukuni biyu a rabe tsaf, ya yi murna ya gano bambancin masu ciwo da masu lafiya, ashe bambancin Litinin da Alhamis ya gano. Bugu da ƙari, sau da yawa ana auna ƙwayoyin gado 20,000 ne a jikin mutum arba'in ko hamsin kacal. In ka yi tambaya dubu ashirin, kana karɓar duk amsar da sa'a kaɗai kan iya bayarwa sau ɗaya cikin ashirin, to, za ka tashi da amsa wajen dubu ɗaya waɗanda babu komai a cikinsu sai dace. Shi ya sa muke cewa ilmin ƙididdiga ya fi iya rubuta manhaja muhimmanci a wannan fanni, kuma shi ne darasin da yawancin ɗaliban kwamfuta suka yi wa karatun a ci jarrabawa a manta.

Wani abin dariya mai ban takaici ma ya faru. Akwai ƙwayoyin gado da aka raɗa wa suna SEPT2 da MARCH1. In aka rubuta su cikin manhajar Excel, sai ta ɗauka kwanan wata ne, ta mai da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka duba dubban takardun da aka riga aka buga, suka tarar wajen ɗaya cikin biyar na masu ɗauke da irin wannan jadawali sun kamu da wannan ciwo. Abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har a 2020 kwamitin raɗa sunaye ya haƙura ya canza wa ƙwayoyin suna. Wannan ya nuna mana abu biyu. Masu ilmin halitta suna matuƙar bukatar mutumin da ya san tsabtar bayanai. Shi kuma ɗan kwamfuta in bai san SEPT2 sunan ƙwayar gado ba ne, zai wuce ta kan kuskuren bai ko ɗaga gira ba.

Don a ga girman aikin, a 2012 ɗakin binciken Markus Covert a jami'ar Stanford ya gina kwaikwayon rayuwar tantani guda cikakke a cikin kwamfuta. Sun zaɓi wata bakteriya mai ƙwayoyin gado 525 kawai, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta da aka sani. Duk da haka sai da suka tattara bayanai daga takardun bincike fiye da 900, suka raba aikin gida 28, kowane da irin lissafinsa. Wannan fa mai 525 ke nan. E. coli tana da fiye da 4,000, mu kuma muna da 20,000. Duk wanda ya shiga da niyyar zai warware ilmin halitta cikin shekara biyu saboda ya iya manhaja, to, ya shirya shan kunya.

To, me ya dame mu da wannan duka, mu da muke zaune a Nima da Aboabo da Sabon Zango? Amsar tana cikin gidajenmu. Babu unguwar da ba ta san ciwon sikila ba, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. A nan Gana wajen jarirai 2 cikin kowane 100 da shi ake haifarsu, kuma a Kumasi ne marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a 1995. Tushen ciwon harafi ɗaya ne tak da ya canza cikin biliyan 3, an kuma daɗe da sanin haka. Amma me ya sa yara biyu masu wannan harafi guda, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗaya kuwa sai ya shekara bai kwanta ba? Wani ɓangare na amsar shi ne akwai wani irin jini na jarirai da jiki kan daina ƙerawa bayan haihuwa, kuma waɗanda jikinsu bai daina gaba ɗaya ba sukan sami sauƙi. A 2007 da 2008, ta hanyar kwatanta gadon dubban mutane da ƙididdiga, aka gano wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ita ce makunnin da ke kashe wancan jini na jarirai. Daga nan aka bi sawu har aka kai ga maganin Casgevy, wanda ke taɓa makunnin don jinin jarirai ya dawo, aka kuma amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Mai karatu ya lissafa wannan da sidi ya gani ko akwai gidan da zai iya a zangonmu. Neman wata hanyar taɓa wannan makunni da araha aiki ne da har yanzu ake kansa, kuma aikin masu fahimtar yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa juna ne.

Haka nan zazzaɓin cizon sauro. An karance gadon ƙwayar cutar a 2002, aka sami ƙwayoyin gado wajen 5,300, kuma a lokacin wajen kashi 60 cikin 100 ba su yi kama da komai da aka sani ba. A 2014 aka gano alamar da ke nuna ƙwayar ta fara jure wa maganin atemisinin a Kambodiya, zuwa 2020 aka ba da rahoton irinta a Ruwanda. Sa ido a kan ko ta iso Afirka ta Yamma aiki ne na karanta gado da tace shi a kwamfuta. Ga kuma wani gibi da ya kamata ya dame mu. Wani nazari na 2016 ya nuna wajen kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa wajen kashi 3 ne, alhali babu nahiyar da ta kai tamu bambancin gado. Da shirin H3Africa ya karanta gadon mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, a rahotonsa na 2020, sai da ya ci karo da bambance-bambance fiye da miliyan 3 waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Maganin da aka auna a jikin wasu ba lalle ne ya zauna daidai a jikinmu ba.

Yanzu sai maganar hanya. Ba dole ne a fara da ƙetare ba, kuma a ganinmu ma bai kamata ba. A Legon akwai cibiyar WACCBIP, wadda ta soma aiki a 2014 da tallafin Bankin Duniya ƙarƙashin Farfesa Gordon Awandare, tana ba da digiri na biyu da na uku a kan cututtuka masu yaɗuwa. Kusa da ita ga cibiyar Noguchi, wadda Japan ta gina a 1979 don tunawa da likitanta da ciwon shawara ya kashe a Ankara a 1928. Waɗannan biyu ne suka karance gadon ƙwayar korona daga majinyatan ƙasar nan a watan Afrilu na 2020. A Kumasi akwai KCCR, haɗin gwiwar jami'ar can da wata cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Hambug a Jamus. Wanda kuma yake jin lissafinsa bai nuna ba, akwai makarantar AIMS da ta buɗe reshe a Gana a 2012, mai ba da digiri na biyu a lissafi. Shawararmu ita ce, mai wannan niyya ya nemi ya yi shekararsa ta bautar ƙasa a irin waɗannan wurare, ko da kwafar alƙaluma za a sa shi. Wata shida yana kallon yadda ake ɗiban jini, a juya shi, a fitar da lambobin da za su iso kwamfutarsa, ya fi masa karatun littafi goma. Nan ne kuma zai san ko zuciyarsa na son abin ko sunan ne kawai ya burge shi.

Akwai shirin da mutum zai yi a ɗakinsa ba tare da izinin kowa ba. Ya ƙware a Python da R, harsunan manhaja biyu da aka fi aiki da su a fannin. Ya koma kan ƙididdiga da aljabara da lissafin nan na yadda abu ke ƙaruwa ko raguwa da tafiyar lokaci. Ya sami littafin ilmin tantanin halitta na 'yan shekarar farko ya karanta shi daga bango zuwa bango, ba tare da jin ya fi ƙarfinsa ba. Littafin gabatarwa da Uri Alon ya fitar a 2006 ya dace da masu lissafi, domin shi kansa marubucin daga fannin fiziks ya ƙetaro. Bayanai kuwa kyauta suke, rumbun GenBank a buɗe yake ga kowa ta intanet. Ya ɗauki takardar bincike guda da aka buga, ya sauko da alƙalumanta, ya gwada ko zai iya sake fitar da sakamakon da masu ita suka samu. Ɗalibin da ya aika wa farfesa wasiƙa yana cewa na sake aikinka na kaza, ga inda namu ya dace, ga inda ya saɓa, ya fi mai aika takardar yabon kai shafi uku samun amsa nesa ba kusa ba.

In an zo fita waje, tsarin ya bambanta. A Amurka shekara biyar ne zuwa shida, ana iya shiga da digirin farko, akan fara da darussa, kuma ɗalibi kan zagaya ɗakunan bincike biyu ko uku kafin ya zaɓi inda zai zauna. Wannan ya fi dacewa da wanda ya ƙetaro daga wani fanni, domin yana ba shi lokacin cike gibi. Jami'ar Harvard ta buɗe sashe sukutum na wannan ilmi a 2003, wasu da dama kuma suna da irinsa da sunaye dabam-dabam. Yawanci farkon Disamba ake rufe karɓar takardu. Sai dai a sani a 2025 gwamnatin Amurka ta tsuke bakin aljihun bincike, jami'o'i da dama suka rage yawan waɗanda suke ɗauka, saboda haka kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. A Ingila da Jamus shekara uku ne zuwa huɗu, galibi sai da digiri na biyu, kuma tun ranar farko ake tsunduma cikin bincike. Cibiyar EMBL mai hedkwata a Haidalbag ta Jamus da cibiyar Sanger kusa da Kambirij duk suna ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen waje da alawus. A Afirka ta Kudu ma, jami'ar Kef Tawun ta daɗe da suna a wannan fanni.

Magana guda da muke so a riƙe da kyau: ba a biyan kuɗin digirin digirgir na kimiyya daga aljihun gida. Ɗalibin bincike ma'aikaci ne, shi ake ba alawus. In wata jami'a ta ce ta ɗauke ka amma ka zo da kuɗin makaranta da na ci, to, ba ta ɗauke ka ba tukuna. Kada a sayar da fili, kada uwa ta kwashe adashenta, kada a ci bashi a kan wannan. A ci gaba da neman tallafi irin na DAAD ta Jamus ko na ƙungiyar Kwamanwel, in bana bai yiwu ba a sake baɗi.

Bayan kuɗi sai malami. Sunan jami'a ba ya zama da kai a ofis, malamin da zai duba aikinka shi ne zai zauna da kai shekara biyar. Hatsarin da ke jiran ɗan kwamfuta na musamman ne. In ya faɗa ɗakin da kowa masanin halitta ne, shi kaɗai ya iya manhaja, sai ya zama yaron kowa: wannan ya kawo masa jadawali ya gyara, wancan ya ce ya zana masa hoto, wata ta ce na'urar buga takarda ta ƙi aiki. Shekara uku ta wuce sunansa yana tsakiyar takardun mutane goma, ba shi da tambaya tasa ta kansa, kuma babu wanda ya isa ya duba ko lissafinsa daidai ne. In kuma ya faɗa ɗakin da kowa ɗan lissafi ne, sai a yi ta ƙera manhajoji masu kyau waɗanda babu mai gwada hasashensu a kan tantani mai rai. Abin nema shi ne wurin da ake yin duka biyu, ko malamai biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, waɗanda suka taɓa aiki tare. Kafin a amsa, a nemi ɗaliban da suka gama a hannun malamin a tambaye su shekara nawa suka yi, ina suke yanzu, kuma yana amsa wasiƙa kuwa? Babu rashin kunya a cikin wannan tambaya.

Sai mu juyo ga iyayenmu, domin mun san inda gizo ke saƙar. A zango, yaron da ya gama jami'a ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai hayar ɗaki, akwai mahaifiya da ta shekara ashirin tana sayar da koko ko wake da shinkafa don ya kai inda ya kai. Alawus ɗin ɗalibin bincike yana riƙe mutum ɗaya, da ƙyar ya yi rarar aikowa gida, alhali abokinsa da suka gama tare ya shiga kamfani har ya fara ginin ɗaki. Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, kuma wanda zai tafi ya kamata ya zauna da gidansu ya faɗi gaskiyarta, shekara nawa ne, nawa zai iya aikowa, wa zai riƙe gida kafin nan. Wanda shi kaɗai ne ginshiƙin gida, babu laifi ya yi aiki shekara biyu ko uku tukuna, ya ɗora wani ƙane a hanya. Gwanintar da zai samu a wurin aiki ma ba asara ba ce, domin ɗakunan bincike suna darajanta wanda ya taɓa rubuta manhajar da mutane suka dogara da ita. 'Yan matanmu kuwa nasu nauyin ya ninka, saboda da zarar an ambaci shekara biyar sai a ce aure fa? Muna tuna wa iyaye cewa macen da ta fara tattara jerin furotin na duniya cikin kwamfuta, Margaret Dayhoff, a 1965 ta fitar da kundinta tana matar aure mai 'ya'ya biyu. Aure da bincike ba kishiyoyi ba ne, in an sami miji da dangi masu fahimta.

A kuma shirya wa wani abu tun yanzu. Ranar da yaro ya dawo ana ce masa dakta, gwaggo za ta zo da ciwon gwiwarta, kawu zai kawo takardar asibiti a duba masa. Wannan dakta ba ya allura, ba ya rubuta magani, kuma in ya yi ya karya doka. Abin da zai iya shi ne ya zauna da alƙaluman jinin yara dubu ya gaya wa likitoci wane magani ne ya fara gazawa a wace gunduma.

Bayan an gama fa? Kujerun farfesa kaɗan ne a ko'ina, yawancin masu wannan digiri a kamfanonin magunguna da na fasaha da hukumomin lafiya suke ƙarewa, kuma ɗan kwamfuta yana da gatan da abokinsa masanin halitta zalla ba shi da shi, watau in bincike bai karɓe shi ba, tsohuwar sana'arsa tana nan tana jiransa. Game da dawowa gida ma yana da sauƙi a kan wasu. Mai aikin gwaji yana bukatar firji mai tsananin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da sinadaran da sai an yi watanni ana jiran su fito daga tashar Tema. Mai aikin lissafi kuwa kwamfuta da intanet mai ƙarfi sun ɗauke masa rabin wahala, manyan na'urorin ma ana iya hayarsu daga nesa. Masu niyyar neman shiga a zagaye mai zuwa su fara tuntuɓar malaman da za su rubuta musu takardar shaida tun watan Agusta, domin ana bukatar uku, kuma aƙalla ɗaya ya zama wanda ya ga aikinsu na bincike da idonsa.